Tabaraun Maman Obinna

Tun shekaranjiya ake ruwa a Samaru, irin ruwan markar nan da ba iska ba tsawa, sai dai ya sauka a hankali ya ƙi tafiya. Yau da safe na so in sa kati a waya ba tare da na fita ba. Na danna lambobin da ake dannawa, ɗan akwatin rubutun nan ya fito, danna ɗaya don kaza, danna biyu don kaza. Ban taɓa komai ba sai da na lalubo tabarau a aljihu na maƙala, na bi layukan ɗaya bayan ɗaya. Jikata tana gefe tana dariya, wai ko jariri ya haddace wannan, ni kaɗai ne nake karanta shi kullum kamar yau na fara gani. Na ƙyale ta. Ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa da wannan ɗan akwati suka haɗu suka mayar da ni shekarar da azumi ya faɗo mana a tsakiyar marka, can wajen ƙarshen shekarun dubu biyu da 'yan kai.

Daminar ta same ni a gida ba aiki. Masana'antar da na yi wa aikin sito a Chikaji tun ina saurayi ta rufe, mun je da safe muka tarar da kwaɗo a ƙofa, shi ke nan bayanin. Na koma gonar gado da ke bayan Samaru, wadda a da nake zuwa ranar Lahadi kawai in tsaya da hannu a baya ina ba 'yan ƙwadago umarni. Yanzu ni ne ɗan ƙwadagon, kuma ba gwani ba. Ruwa ya makara a farko, muka yi shuka ta ƙone, muka sake. Da ya tashi zuwa sai ya zo gaba ɗaya, kwari ya cika, masarar da ke can ta yi rawaya tana tsaye cikin ruwa. Hatsin bara kuwa ya ƙare tun kafin ta tudu ta yi goyo.

Matata Hajara ce ta riƙe gidan, ban san yadda ta yi ba har yau. Fate muke ci, safe da dare. Tsakin yana raguwa, ganyen yana ƙaruwa, rama da yakuwa da tafasa, har ya kai in ka sa cokali sai ka yi bincike kafin ka gamu da tsaki. Itace a jiƙe yake, sai ta jera shi a gefen murhu tun dare ya sha ɗumi, duk da haka in ta hura wuta hayaƙi ya cika gidan, idonta ya yi ja, yara suna tari. Kwanon ɗakinmu yana yoyo, mun san wuraren, da hadari ya haɗo kowane yaro ya san kwanon da zai ɗauka da inda zai ajiye. Kayan sawa ba sa bushewa. Tabarma tana warin danshi, bango yana zufa, gishiri ya narke a gwangwani. Ba yunwar ce ta fi damuna ba. Fitowa ƙofar gida da hantsi ne, lokacin da duk magidanci ya tafi nema, in ga ni kaɗai ne namiji babba a layin, matan maƙwabta suna gaishe ni da wata irin ladabi da ta fi zagi ciwo.

Katanga ɗaya ta raba mu da Bulus, mutumin kudancin Kaduna ne, Kirista, mun daɗe tare har yaranmu ba sa bambance tukunyar gidajen. Yana aiki a wani shagon kayan gona da maganin dabbobi a Sabon Gari, shi ne a sito yana fitar da kaya. Ana saura kaɗan a ga wata ya leƙo ta katanga ya ce ɗan mai shagon, wanda ke zama a kan kwamfuta, zai tafi bautar ƙasa, ana neman wanda ya san sito ya kuma san buga tafireta.

"Na ce mata ina da mutum," in ji shi. "Amma ka rage wannan furfurar, Malam Isiyaku. Na ɗan rage maka shekaru a wurinta, kar ka je ka ƙaryata ni."

Na aske gemu tas, na sa rigar da ta fi kama da ta ma'aikaci, muka tafi.

Mai shagon, Maman Obinna, Inyamura ce haifaffiyar Sabon Gari, Hausarta ta fi tawa gudu. Doguwa ce mai jiki, da tabarau mai launin shuɗi-shuɗi rataye a ƙirjinta da sarƙa mai ruwan zinari, an yi wa gefensa ado da 'yan duwatsu masu ƙyalli. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Ni idona ya tafi, wannan allo ciwon kai yake sa ni. Mai ido nake nema. Ka yi mini wata ɗaya in gani." Na ce babu damuwa, Madam. Na faɗa da ƙarfi kuwa.

Abin da ban gaya wa kowa ba, har Hajara, shi ne nawa idon ma ya fara tafiya. Daga nesa lafiya lau, ina iya karanta allon shagon da ke tsallaken titi. Amma duk abin da ya matso kusa sai ya narke, rubutu ya zama kamar jerin tururuwa a cikin ruwa. Tun ina Chikaji ya fara, nakan miƙa takarda can gaba in karanta, in wani ya shigo in yi kamar ina kaɗe ta. Ana sayar da tabarau a faranti a bakin kasuwa, ba wani abin a zo a gani ba ne kuɗinsa. Girman kai ne kawai. Mutumin da aka rufe wa masana'anta, aka aske masa gemu don ya koma yaro, ba ya son a ƙara masa da cewa ido ma ya gaji.

Kwamfutar tsohuwa ce, ba irin ta yanzu da ake nuna hoto a taɓa ba. Allo ne baƙi ƙirin, rubutu fari ƙanana a jere, babu abin da ake ja da hannu, komai da harafi ake kiransa. Obinna ya zaunar da ni ya ce, "Baba, ba wuya. Ka ga wannan jerin na farko? Kowane layi da harafinsa. In sayarwa za ka yi ka buga S. Kaya za su jero maka. Sai ka buga harafin farko na sunan kayan, wannan farin layin zai yi tsalle ya sauka a kan na farkon da ya fara da harafin. In ba shi kake so ba, ka ƙara harafi na biyu, ko ka sauko da kibiya. Ka duba dai kafin ka buga babban maɓallin nan. Ka gani?"

Na ce na gani. Farin layin dai ina ganinsa yana tsalle, abin da ke rubuce a cikinsa ne ban gani ba. Na gwada jan kujera baya don in samu tazara, sai na ji bayana ya daki buhunan taki, an jera su har rufi, ko taku ɗaya babu. Nan na yanke shawarar da na ɗauka dabara ce. Na ce wa Obinna mu tsofaffin ma'aikatan sito da kunne muke koyo, ya riƙa faɗa mini da baki duk abin da ya buga. Yaron kirki, ya yi ta faɗa. Takin yuriya, U kawai. Takin kamfa, N sannan kibiya sau ɗaya. Maganin feshin wake, harafi biyu. Sinadarin da ake zuba wa kaji a abinci, P kawai, don sunan kaji da Turanci da shi ya fara, kuma shi ne na farko a wannan harafin. Wurin haruffa a kan madannai kuwa yatsuna sun san shi tun zamanin tafireta. Kafin Obinna ya hau mota na haddace shagon kaf, kamar yadda yaro ke haddace allonsa.

Aka ga wata, muka ɗauki azumi. Wanda bai yi azumi a marka ba zai ɗauka sauƙi ne, tunda babu ƙishirwar bazara. Ƙishirwa kam babu, amma yunwar sanyi daban take, tun hantsi take fara cin mutum. Da sahur ɗumamen fate ne da ruwan zafi, wani lokaci Hajara ta ce ita ta ci tun a madafa, ni kuma in yi kamar na yarda. In an yi asuba gari ya ɗan waye, ni da Bulus mu naɗe ƙafar wando mu ratsa taɓo zuwa titi. Motar Sabon Gari a cike, tagogi a rufe saboda feshin ruwa, kowa yana warin jiƙaƙƙen yadi. A Kwangila ruwa yakan kwanta a hanya, direba ya bi a hankali yana salati. Ni kuwa duk tsawon hanyar yatsuna suna kan cinyata suna bita, S, U, babban maɓalli, S, N, kibiya. Wata rana wani dattijo da ke kusa da ni ya ce Allah ya ba da lada, ya ɗauka tasbihi nake ja.

Tsarin shagon mai sauƙi ne. Mai saye ya faɗa mini abin da yake so, in buga, injin buga takarda ya yi ƙararsa ya fito da rasit biyu. Ɗaya ya kai wa Madam a teburinta ya biya, ita adadin da ke ƙasa kawai take dubawa. Ɗayan in miƙa ta wata 'yar taga a bango, Bulus yana ciki, ba ya ganin mai saye, takarda kawai yake bi, ya ƙulla kaya a baƙar leda ya miƙo. In an nemi wani abin da ba ya cikin haddata, sai in miƙe kamar bayana ya ƙage, in ja gefe wajen ƙofa ina miƙa, in hango allon daga can in dawo. Madam har tausayina take ji, tana cewa azumi da ciwon baya, sannu Malam. Da rana takan ɗauki kular abincinta ta shige sito don kar in gani. Amma Sabon Gari ba ta azumi gaba ɗaya, ƙamshin gasasshiyar masara da miyar masu abinci yana shigowa har inda nake, cikina yana amsawa, ga warin taki yana sa ido ruwa. In la'asar ta gabato, ko farin layin ma biyu nake ganinsa.

Kuma aikin ya tafi daidai. Har yaba mini ake yi, wai hannuna ya fi na Obinna sauri, ba mamaki tunda shi yana tsayawa ya karanta. Madam ta ba ni wani abu a ƙarshen makon farko ba tare da na roƙa ba, na sayi gero da ɗan wake, ranar aka yi kunu da ƙosai a gidana, yara suna lashe yatsu suna kallona kamar na dawo daga Makka. Ranar Lahadi da ba shago, maƙwabta suka yi mini gayya a gonar tudu, muka yi huɗa cikin yayyafi, ƙasa tana manne wa garma, masu azumi suna aiki ba magana don ajiye ƙarfi. Bulus ya zo bayan an taso daga coci ya karɓi kunya biyu shi kaɗai, kuma ko ruwa bai sha a gabanmu ba har muka tashi. Na fara jin na koma mutum.

Akwai abu ɗaya da ya rage. Al'adata ce tun ina saurayi, in an sha ruwa kafin a kira isha'i in ɗauko Alƙur'ani in yi karatu a tsakar ɗaki, yara suna zaune a gefena suna bi da ido, in sauke kafin salla. A wannan shekarar na ɗauko shi a daren farko, na buɗe a gaban fitilar ƙwai, ban ga komai ba sai baƙi-baƙi. Sai na yi masa abin da nake yi wa kwamfuta. Na riƙa karanta surorin da na haddace, ina juya shafi in na ga ya kamata. Na yi sa'a, a ganina, yaran ba sa zama a shekarar. Da na buɗe sai uwarsu ta tashe su, wannan ya je ya wanke kwano, wancan ya kai wa gidan Bulus kunu, ƙaramar ta zo ta taya ta tsinke rama. Ita kuma ta zauna can bakin ƙofa da faranti a cinya, kanta a ƙasa.

Ranar da abin ya faru Juma'a ce, azumi ya raba tsakiya. Tun safe hadari ke haɗuwa yana watsewa, gari ya yi zafi mai danshi. Na tafi masallaci, ashe a bayana motar kaya ta zo, Madam ta maƙala tabaraunta ta zauna ta shigar da sababbin kayan a kwamfuta da kanta. A cikinsu akwai sinadarin abincin alade, don tana da masu saye da ke kiwonsu a bayan gari. Sunan alade da Turanci shi ma da P ya fara, kuma a jeri yana gaban na kaji. Ba wanda ya ga dalilin gaya mini, tunda ga shi nan a rubuce a allo, kuma ni ne mai ido.

Na dawo na tarar da shago a cike, kowa yana son ya saya ya gudu kafin ruwa. Cikinsu akwai wani Alhaji mai gidan kaji daga Zabi, mai sayenmu ne na kullum, ya taso daga masallaci da farar babbar riga da carbi a hannu. Ya ce sinadarin kaji, na ce an gama, Alhaji. S, P, babban maɓalli. Ko ɗaga kai ban yi ba. Ya biya, Bulus ya miƙo leda ta taga, Alhaji ya kai bakin ƙofa ya buɗe don ya duba. Sai na ji salati da ƙarfi.

Ya ɗaga fakitin sama. Ko ni daga inda nake na gani sarai, tunda da nisa: ƙaton alade ne a jiki, ja-ja, yana murmushi.

"Ni za a yi wa wannan? Ran Juma'a, da azumi a bakina? Me na yi maku a shagon nan?"

Ya jefar da shi ƙasa yana goge hannu a riga. Kafin ka ce me, 'yan acaba da 'yan dako sun taru a ƙofa. Wani ya ce da gangan ne. Wani ya ce wa ya ɗauko, a fito da shi. Bulus ya fito daga sito, hannunsa fari da garin abincin kaji, yana cewa shi abin da takarda ta ce ya bayar, amma ba mai saurarensa, wani matashi har ya riƙe masa wuyan riga. Duk wanda ya zauna a garin nan a shekarun ya san yadda ƙaramar magana irin wannan take girma. Na ji ƙarar ƙofar shagon da ke kusa da mu ana jawo ta ƙasa, sai ta gaba da ita. Ni kuwa ina zaune a kujera, na san inda abin ya fito, amma ban tashi ba.

Maman Obinna ta ratsa mutane ta shiga sito, ta zaro takardar daga ƙusar da Bulus ke soke su, ta fito.

"Ku tsaya, don Allah ku tsaya. Ga takardar da aka ba shi. In ni na karanta za ku ce na kare shi. Malam Isiyaku, zo. Kai ɗan'uwansu ne, da azumi a bakinka. Karanta masu abin da ke jiki."

Na tashi na karɓa. Na kai takardar gaban fuskata, tururuwa cikin ruwa. Na ɗan miƙa ta gaba. Rubutun injin nan dusu-dusu ne, tawadarsa ta kusa ƙarewa. Na ƙara miƙawa, na ja kai baya, na ƙanƙance ido, na ƙara miƙawa har gwiwar hannuna ta miƙe sambal. Ina jin idon mutane a kaina, na Madam, na Bulus da har yanzu ake riƙe da rigarsa.

Alhaji ne ya fara ganewa, don shi ma ya bi ta hanyar. Ya dube ni, ya dubi hannun, fushin ya fara sauka daga fuskarsa.

"Malam," ya ce, "hannun ya ƙare."

Ya cire tabaraunsa ya miƙo mini. Na saka. Wallahi kamar an wanke duniya. Ga haruffa nan tsaye ɗaya-ɗaya, ga kalmar, ga lambar kujerata a sama. Na ce, da muryar da ban san tawa ba ce, "Na alade ne. Haka aka rubuta. Bulus bai yi kuskure ba, ni na buga. Ba na ganin allon. Tun da na zo ban taɓa ganinsa ba."

Wani ɗan acaba ne ya fara fashewa da dariya, sauran suka ɗauka. "Ashe makaho aka ɗora a kan injin!" Wanda ya riƙe Bulus ya sake shi yana kaɗe masa riga. Alhaji ya karɓi tabaraunsa yana girgiza kai, ya ce, "Kai Malam, ka ji tsoron Allah, ka kusa haɗa gari faɗa a kan abin da ake sayarwa a faranti." Aka canza masa kaya. Sai ruwan da ake jira tun safe ya sauko, kowa ya watse da gudu, ana ta maimaita labarin a ƙarƙashin rumfuna. Da ƙasa za ta tsage a lokacin da na shige na ja ta na rufe.

Da shago ya zama ba kowa, Madam ta ce in zauna. Na riga na ɗauki hulata, ina tunanin yadda zan shiga gida in ce wa Hajara a koma tafasa. Ruwa yana dukan kwano, sai da ta ɗaga murya.

"Da sun ƙone shagon nan fa? Shago ma a bar shi. Da sun taɓa Bulus fa, mutumin da ya kawo ka, me za ka je ka gaya wa matarsa ta katanga?"

Na dubi Bulus, yana tsaye a ƙofar sito yana ɗaura maɓallin rigarsa da ya tsinke, bai dube ni ba.

Can Madam ta ce, "Amma mutumin da ya haddace shagona kaf da kunne, ban taɓa gani ba." Ta sa hannu ta cire sarƙar daga wuyanta ta ajiye tabaraun a kan madannai. "Ina da wani a gida. Wannan za ka sa, a nan, kowa ya gani. Ranar da na ga ka buga wani abu babu shi a fuskarka, ka ɗauki hularka."

Na ce, "Madam, na mata ne."

Ta ce, "Ido bai san wannan ba. Saka."

Na saka. Shuɗin firam, duwatsu masu ƙyalli, sarƙa tana lilo a kumatuna. Na dubi allon da na yi makonni ina zaune a gabansa, na ga ashe har sunan shagon a rubuce yake a sama, da gaisuwar barka da zuwa. Bulus ya ɗago ya gan ni, ya yi ƙoƙari ya riƙe, ya kasa, ya koma cikin sito yana dariya har da tari. A mota da za mu koma, muna wuce Kwangila ya ce, "Da ka gaya mini, da ni zan saya maka, ba wanda zai ji." Wannan ta fi faɗan Madam zafi.

Na isa gida ana kiran magariba, a jiƙe. Muka sha ruwa da kunu. Na so in ɓoye labarin, amma na san kafin gobe matar Bulus ta ba da shi ta katanga, gara ya fito daga bakina. Na faɗa wa Hajara komai, kaina a ƙasa, ina jiran ta yi salati ko ta yi dariya. Ba ta yi ko ɗaya ba. Ta ce in nuna mata tabaraun. Na ciro shi daga aljihu, ta juya shi a hannu, ta goge gilashin da bakin zanenta, ta miƙo mini. Sannan ta tashi ta ɗauko Alƙur'ani daga inda yake ta ajiye a gabana.

"Alhamdu lillahi," ta ce. "Yau dai baki da shafi za su haɗu."

Na ce me take nufi.

"Malam, ni ma fa na yi makarantar allo. Tun daren farko kake buɗe Baƙara kana karanta Tabaraka. Wani lokaci ka juya shafi aya ba ta ƙare ba. Babban yaron nan ya kai inda zai gane, shi ya sa nake tashinsu."

Na zauna riƙe da tabarau. Duk wanke-wanken nan, duk aiken kunun nan, duk ramar da ake tsinkewa a bakin ƙofa. Ina can ina jin na iya dabara, ashe wata ce take bina a baya tana share sawuna, da yunwa a cikinta, ba ta taɓa nuna mini ko a fuska ba. Kunyar da na ji a gaban Alhaji da 'yan acaba ba ta kai rabin wannan ba.

Na maƙala tabaraun, sarƙar ta sauko a kumatuna. Na buɗe daga farko, ga wasulla, ga ɗigo, komai a wurinsa kamar yadda na bar shi bara. Sai da na cire na goge ido na mayar kafin na iya farawa. Ruwa yana ɗiga a kwanonin da aka tara. Hajara ta ƙara wa fitila lagwani ta matso da ita kusa da ni, sannan ta leƙa ƙofa ta ɗaga murya.

"Ku bar kwanonin nan haka. Ku zo ku zauna, babanku zai yi karatu."